Hula a Kai, Takalmi a Ƙofa

Wani ɗan ƙanwata da ya daɗe yana karatu a kudu ya zo gaida kawunsa a Isa. Da ya isa bakin zaure sai ya zare hularsa ya riƙe a hannu, ya shige da takalminsa har kan tabarma. Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai ɗan nan, wanzami ka gani a nan da ka kawo mana kai? Mayar da hularka, ka fita ka tuɓe wancan." Yaron ladabi ya yi niyya, sai dai ladabin wata ƙasa ne.

A wurin Turawa namiji yakan cire hula in ya shiga gida ko coci ko kotu. Ana yawan danganta abin da mayaƙansu na da, masu cire kwalkwali a gidan da suka sauka don a ga fuskarsu a san ba da faɗa suka zo ba. Akwai kuma tushe na addini: wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa ta hana namiji yin addu'a da kai a rufe, ta umarci mace ta rufe nata. A fada ma talaka ya riƙa ɗaga wa mai sarauta hula. Ba wasa suka ɗauke ta ba. A 1670 wata kotu a Landan ta ci tarar William Penn saboda ya tsaya gaban alƙalai da hula a kansa, domin 'yan ɗariƙarsa ta Kwaka sun ƙi cire wa ɗan Adam hula.

Mu kuwa a ƙafa muke ajiye girman kai. Je ƙofar fadar Sarkin Gobir na Sabon Birni ka ga takalma jere a waje, amma ba za ka ga dattijo ko ɗaya a ciki da kai a buɗe ba. Manomin da ya taso daga fadama yakan cire malafarsa ya rataye ta a baya, hular da ke ƙarƙashinta kuwa tana nan daram. Ko wajen alwala tura ta baya ake yi a shafi kai a mayar. Sai mai harami a aikin Hajji ne ake so ya bar kansa a buɗe. Hular samari mai baki a gaba kuma, sunan da aka laƙaba mata ya isa hukunci: hana-salla.

A ƙasar Gobir maganar abin da ke kai ta taɓa zama maganar mulki. Daga Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da Sabon Birni, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela 'yan shekaru kafin hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804: kada wani ya yi wa'azi sai Shehu, kada ɗa ya bar addinin ubansa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Nafata ba wawa ba ne. Ya ga rawani ya zama tutar jama'ar Shehu, ana ƙirga yawansu da ido a kasuwa. Shehu ya saka wannan hani cikin laifuffukan sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙi, tare da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa ɗan Nafata. Har gobe in an raba mutum da sarauta cewa ake yi an tuɓe masa rawani, in an ba shi kuma an naɗa shi.

Kada dai a ce baƙar fata bai taɓa sanin cire abin kai don girmamawa ba. Ibn Baɗɗuɗa, da ya je Mali a 1352, ya ga fadawan Mansa Sulaiman suna sauke rawunansu in sarki zai yi magana.

Yanzu nakan ji samarinmu a rediyo da Facebook suna cewa "na cire maka hula" in wani ya burge su. Aron baki ne, kuma ya riga ya zauna. Shi dai ɗan ƙanwar tawa da ya koma gaida kawunsa washegari, da ƙube ya je, ya ja ta har goshi.