Tsaga a Sandar Makamashin Nukiliya: Ƙaramar Na'urar Aljihu Za Ta Iya Ganowa?

Tun da muka gwada ƙananan na'urorin auna radiyeshin a nan Al Quoz, tambayar da ta fi yawa daga wajenku ita ce: idan tukunyar nukiliya ta fara yoyo, wannan 'yar na'urar za ta gaya mini? Amsata a taƙaice: a matakin farko, a'a. Bari in yi bayani da misalin gida.

A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike mai suna NIRR-1, ƙirar China, wadda ta fara aiki a 2004. Ba lantarki take bayarwa ba, irin wanda tashar Barakah ta Abu Dhabi ke bayarwa. Aikinta binciken ma'adinai da ƙasa da abinci, da horar da ɗalibai. A 2018 aka cire makamashinta na farko mai yuraniyom da aka tace zuwa kusan kashi 90, aka mayar da shi China, aka sa mai kashi 13.

Yuraniyom ɗin yana cikin siraran sanduna ne, kowace a rufe ruf cikin kube na ƙarfe, kamar wuƙa a kubenta. Na da na alminiyom ne, na yanzu na gaurayen zakoniyom. Idan ƙwayar yuraniyom ta tsage, tana haifar da wasu sinadarai masu radiyeshin, kuma kuben nan ne ke tsare su. Tsatsa ko kuskuren walda na iya buɗe ramin da ido ba zai gani ba.

To ta yaya ake ganewa? Ruwan da ke sanyaya sandunan shi ke tona asiri. Iskar zenon da kirifton su ke fara sulalewa, sai aidin-131 da siziyom-137. Masana kan ɗebi ruwan su sa a na'urar jamaniyom da ake sanyayawa da ruwan naitirojin. Kowane sinadari yana da nasa sa hannun: aidin-131 yana bayyana a 364 keV, siziyom-137 a 662 keV. Idan an gan su, sai a ware sandunan da ake zargi a cikin rufaffen mazubi, a sake auna ruwan har a gano mai yoyon.

A nan ne na'urar Geiger ta aljihu take gazawa. Ƙirga kawai take yi, ba ta san wane sinadari ba ne. Ruwan tukunya mai lafiya ƙalau ma yana ɗauke da radiyeshin, kamar na sodiyom-24 da agon-41, don haka ƙarar "ƙit-ƙit" ba hujja ba ce. Kuma ƙaramin yoyo yana tsayawa ne a cikin ruwan, ba ya isowa titi.

Shawarata ga mai son saye: idan koyo kake so, ƙara kuɗi ka ɗauki mai nuna zanen ƙarfin gamma, irin su Radiacode. Da ita za ka iya ganin fotasiyom-40 a buhun takin zamani. Amma don Allah kada lamba ta ɗan motsa ka ruga WhatsApp kana cewa Samaru ta gurɓace. Sa ido kan tukunyar Zariya aikin ma'aikatan cibiyar ne da hukumar NNRA, kamar yadda FANR ke yi a nan Daular Larabawa.