Kuɗin Kaka da Ciwon Damina

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, ƙasar noma ce. Ana noman dawa da masara da waken suya, amma abin da ya fara fito da sunanta auduga ce. Tun zamanin Turawa aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, jirgin ƙasa yana kwasa zuwa Zariya. A shekarar 1975 kuma aka soma wani babban shirin bunƙasa noma a yankin da taimakon Bankin Duniya.

To, manomi ba kamar ma'aikaci ba ne da ke karɓar albashi kowane wata. Kuɗinsa da kaka suke zuwa, gaba ɗaya. A lokacin nan hatsi yana araha, don kowa ya kai nasa kasuwa. Sa'an nan ne ake bukukuwa, ana ɗinke-ɗinke. Kafin damina ta yi tsaka, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ɗan abin da ya rage kuma ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. Abin takaici, daidai lokacin nan ne sauro yake yawaita, zazzaɓi ya yi ta kama yara.

In yaro ya kwanta ba ko sisi a gida, uwa ce ke fara shan wahala. Ba ta barci, abinci ba ya yi mata daɗi, kullum tana zullumin inda za ta samo rance. Likitoci sun ce damuwa in ta daɗe a zuciya takan kawo ciwon kai, takan kuma taimaka wa hawan jini. Shi kuwa yaron, ana jira ana jira, zazzaɓin da magani kaɗan zai kore shi ran farko sai ya shanye masa jini, ko ya kai shi ga jijjiga. Wanda aka yaye kuma, in ba ya samun kome sai kunu tsinkakke, tamowa na iya kama shi.

Sanin riƙon kuɗi ba ya hana sauro cizo. Amfaninsa shi ne ciwo ya tarar da gida a shirye.

Abu na fari da mai sana'a za ta koya shi ne raba uwar kuɗi da riba. A ce mace mai ƙuli-ƙuli ta sayi gyaɗa ta naira 6,000, ta kashe naira 1,000 wajen itace da niƙa. Ta sayar da mai da ƙuli, ta sami naira 9,000. Wadda ba ta iya lissafi ba sai ta ga kuɗi cike da hannu, ta ce duk nata ne. Alhali kuwa ribarta naira 2,000 ce kaɗai. In ta ci fiye da haka, jarinta take ci, ba da daɗewa ba sana'ar za ta karye ba ta san dalili ba.

Daga cikin ribar nan ne ake ajiya. Matan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin adashi. Mata goma su haɗu, kowace ta zuba naira 1,000 duk mako wurin uwar adashi, ɗaya ta kwashi 10,000, haka har ya zagayo kan kowa. Adashi ba ya ƙara wa kowa ko kwabo, abin da mace ta zuba shi za ta kwasa. Amma yana tsare kuɗi daga kashe-kashen yau da gobe. Mai dabara takan roƙi a sa kwasarta cikin watan Yuli ko Agusta, lokacin da hannu ya fi bushewa.

Akwai kuma asusu, 'yar tukunyar ƙasa mai ƙaramin baki, wadda ba a ɗiban abin da ke ciki sai an fasa. Sai dai kuɗin takarda in sun daɗe a ajiye darajarsu takan ragu, domin kaya suna ƙara tsada. A ƙarshen shekarar 2022 ma aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, masu ajiya a ɗaka suka shiga ruɗu. Don haka waɗansu mata sukan juya ajiyarsu su sayi akuya. Ita tana haihuwa, ran da lalura ta taso kuma a kai ɗanta kasuwa. Waɗansu kuwa banki suke kaiwa.

A gidaje da yawa uwa ba ta yi makaranta ba, amma 'yarta tana aji huɗu ko biyar. Yarinyar takan samo littafi ta ja layi a tsakiya. Hagu ta rubuta abin da aka kashe, dama ta rubuta abin da aka sayar, ran Juma'a su zauna su ɗebe wannan daga wancan.