Injin niƙa: a kula da ruwan ganga

Ƴan uwa masu injin niƙa na Gangara da sauran garuruwan Damargu, a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Lokacin ne injuna suka fi lalacewa.

Ruwan gangar da ke gefen injin gazuwal shi ne yake sanyaya shi. Tiyo biyu ne suka haɗa su. Ruwa mai sanyi yana shiga inji ta tiyon ƙasa, mai zafi ya koma ganga ta tiyon sama. In ruwa ya ragu har bakin tiyon sama ya fito fili, ruwan ya daina zagayawa ke nan, ko da ganga ta fi rabi. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A duba kowace safiya. A tace ruwan rijiya da ƙyalle, domin yashi yana toshe tiyo.

In inji ya yi zafi ƙwarai, a kashe shi, a jira ya huce. Kada a kwara masa ruwan sanyi. Kan inji yakan tsage, gyaransa kuwa sai a Tanut ko Damagaram, mata su koma ga turmi.

In yana girgiza, a duba zamansa, a daidaita shi, a ɗaure notuna. A hana yara matsowa kusa da ganga, ruwanta yana ƙona fata.