Kurnar Nasara: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Dasa Ta

Kurnar nasara bishiyar ado ce da aka kawo ƙasar Hausa daga waje. Asalinta yankin Indiya da kudancin Sin ne har zuwa arewacin Ostareliya, masana tsirrai kuma suna kiranta Melia azedarach. Danginsu ɗaya da maɗaci da kuma dogon yaro, wato darbejiya, wanda aka fara dasawa a Borno a 1928. Tsayinta yakan kai mita 7 zuwa 12. Tana da saurin girma, furenta kuma launin shunayya ne mai haske da ƙamshi. Wannan fure da saurin yin inuwa ne ke sa jefi-jefi ake ganinta a ƙofar gida ko harabar makaranta.

Mafi yawan masu dasa ta suna ɗaukar ta a matsayin wani nau'in dogon yaro, alhali kama da wane ba wane ba ne. Ganyen dogon yaro jere yake a kan sili guda, na kurnar nasara kuwa silin yakan sake rabuwa zuwa ƙananan silla, kowanne da nasa ganyen. Furen dogon yaro fari ne. 'Ya'yansa dogaye ne kaɗan, suna nuna su zube. Nata kuwa kewayayyu ne kamar 'ya'yan kurna, su yi rawaya, su yamutse, su daɗe suna reto a reshe bayan ganyen ya kakkaɓe da hunturu. Ƙwallon cikinsu mai tauri ne da tsaga-tsaga, har a wasu ƙasashe ana huda shi a yi carbi.

Renonta ba wuya. Ana jiƙa ƙwallon ya kwana, a shuka a leda, a dasa idan damina ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Tana jure fari da ƙasa marar ƙarfi, sai dai ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya. Itacenta gautsi ne, iskar farkon damina tana karya rassanta, don haka ba a dasa ta dab da ɗakin kwano ko katangar ƙasa. Saiwarta ma takan yi toho nesa da gindi, tsuntsaye kuma suna yaɗa irin. A Afirka ta Kudu da kudancin Amurka ta bazu har ana lissafa ta cikin tsirrai masu mamaye wuri.

Babbar matsalarta ita ce guba. Akwai ta a ɓawo da ganye, amma ta fi taruwa a 'ya'yan. Wanda ya ci yakan fara da zubar miyau, amai, gudawa da murɗar ciki, daga nan sai kasala, jijjiga da sarƙewar numfashi, wani lokaci har mutuwa cikin kwana guda. Tana kama mutum, tana kama tumaki, awaki, shanu, karnuka da kaji. Ba ta da wani makari na musamman. Abin da likita zai yi shi ne ya tallafi jiki da ƙarin ruwa da magunguna har gubar ta fita.

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Minjibir wannan magana ta fi nauyi, saboda yadda zama yake. Gona na manne da gona, babu sauran daji, dabbobi suna turke a cikin gida duk damina, sai an kawar da amfani a sake su. Shara kuma ba a zubar da ita, taki ce: duk abin da tsintsiya ta kwaso daga tsakar gida a kan juji ko garken awaki yake ƙarewa, kafin a kai gona a mangala ko amalanke. To a irin wannan gida ne mutum zai dasa kurnar nasara taku uku daga turke, kullum da safe a share busassun 'ya'yanta a juye wa dabbobin da suka kwana da yunwar rani. Akuya kuwa ba ta tambaya. Idan ta kwanta tana dalala, sai a ce iska ce ko ciwon shekara, a yi maza a yanka, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da ke reto a sama.

Na yara ya fi ban takaici. Yaron karkara ya saba tsintar kurna da magarya da kanya, ya kuma saba tsotsar nunannun 'ya'yan dogon yaro ba tare da wani abu ya same shi ba. Abin da ya gani rawaya a ƙasa, baki zai kai. Duk da haka ana shimfiɗa tabarmar makarantar allo a gindin kurnar nasara, ana ajiye mai rarrafe a inuwarta a tafi daka. Haka nan wata uwa za ta aiki yaro ya tsinko ganyen dogon yaro don sirace ko jiƙon zazzaɓi, ya kawo wanda hannunsa ya kai, a tafasa ba tare da an duba ba. Wannan sakaci ne tsagwaronsa, domin duba sili guda na ganye ya isa a bambance.

Akwai masu cewa tasu ta shekara goma ba ta taɓa kowa ba, ga tsuntsaye ma suna ci. Sai dai ƙarfin gubar yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, kuma cikin tsuntsu daban yake da na yaro ko ɗan akuya.

Wanda ya ga lallai sai ya dasa, ya kai ta wurin da yara da dabbobi ba sa zama, nesa da turke, akurki, rijiya da kwatarniyar ban ruwa. Da zarar fure ya kaɗe, a sassabe gungun 'ya'yan tun suna kore. Waɗanda suka zube a share su daban, a ƙone ko a binne da zurfi, kada su shiga juji. Kada a sara wa dabbobi reshe mai 'ya'ya a matsayin harawa. Idan tana cikin gida mai ƙananan yara ko harabar makaranta, sare ta ya fi, a tone kututturen saboda toho, a maye gurbinta da dogon yaro, mangwaro ko zogale. Wanda bai tabbatar da irin bishiyar da ke gidansa ba, ya kai reshe wurin malamin gona na hukumar aikin gona ta KNARDA ko ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma.

Idan yaro ya riga ya ci, ba a ɗura masa manja ko madara a zauna jiran ikon Allah, ba a kuma tura masa yatsa don ya yi amai. A cire abin da ya rage a bakinsa, a ɗebi 'ya'yan a leda domin ma'aikacin lafiya ya gani, a nufi asibiti mafi kusa ko da bai fara nuna alama ba, domin alamun kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. Dabba kuma a janye ta daga wurin, a kira likitan dabbobi, a sanar da shi abin da ta ci da lokacin da ta ci.