Tsutsotsin Ɗanyen Kifi da Gishiri Ba Ya Kashewa

Ɗanyen kifi abinci ne mai daraja a ƙasashe irin su Japan, inda ake yanka shi siriri a ci da shinkafa ko shi kaɗai, sai dai tsokarsa kan ɓoye 'ya'yan tsutsotsi masu rai, waɗanda ke komawa cikin wanda ya ci. A kifin teku, wadda ta fi addabar mutane ita ce Anisakis, farar tsutsa mai kama da zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3, wadda asalin mazauninta tumbin manyan dabbobin teku ne masu shayarwa. Likitocin Holan ne suka fara bayyana cutarta a 1960, a jikin masu cin ɗanyen kifin da aka ɗan barbaɗa wa gishiri. Sa'o'i kaɗan bayan cin abincin, tsutsar kan kafa kai a bangon tumbi, ta jawo murɗawar ciki mai tsanani da amai, har a ɗauka gyambon ciki ne, kuma sau da yawa sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki kafin a gan ta a zaro ta.

Ta kifin ruwan daɗi kuwa a ɓoye take ɓarnarta. Wannan ita ce tsilar kifi, wato tsutsa mai faɗi da gaɓa-gaɓa, wadda kan zauna a hanji shekaru, ta wuce mita 10, tana shanye sinadarin bitamin B12 da jiki ke buƙata wajen haɗa jini, shi ya sa a da aka sha fama da ƙarancin jini saboda ita a ƙasar Finland. Maganin praziquantel yana fitar da ita.

Abin takaici shi ne mutane da dama sun yi imani cewa ɗan gishiri ko ruwan lemon tsami ko barkono sun gyara kifin, alhali waɗannan ɗanɗano da launi kawai suke sauyawa. Haka ma hayaƙin da bai haɗu da zafi mai ratsa tsoka ba. Abin da ke kashe tsutsar shi ne dahuwar da zafinta ya kai digiri 63 a tsakiyar naman, ko daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifiri na kwana 7, kamar yadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsara. Da Holan ta wajabta daskarar da kifin da za a ci ɗanye, cutar ta kusa ɓacewa a ƙasar.