Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Kwana uku ake zaman makoki, wasu su kai bakwai. Daga nan a naɗe tabarmi, masu gaisuwa su koma harkokinsu, a bar mai rashi da tunaninsa. An ce masa ya yi haƙuri, ya kuma amsa da godiya, amma ba wanda ya nuna masa inda zai kai maganganun da ke cin ransa cikin dare. Ga kara da alkunya: uwa ta rasa ɗan fari, a sa mata ido a ga ko za ta yi hawaye.

Magabatanmu suna da mafita, ita ce waƙa. Dubi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. An fi saninta da karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru, amma duk wanda ya leƙa tarin rubuce-rubucenta da Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa a 1997 zai tarar da marsiyyoyi jere. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Har maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da sarauta ko suna a tarihi, sai da ta samu baitoci.

Yadda take tsara su shi ne abin koyi. Ba ta ɓoye kewa da zubar hawaye, amma ba ta tsaya nan ba. Takan lissafo halayen mamacin ɗaya bayan ɗaya: kyautarsa, haƙurinsa, yadda yake sulhunta dangi. Sai ta rufe da addu'a. Macen da ta kai wannan matsayi a ilimi ba ta ga wani karo tsakanin yin haka da tawakkali ba. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yage tufa da marin fuska. Malamai suna da saɓani a kan kayan kiɗa, gaskiya ne, sai dai marsiyya ba ta buƙatar kalangu.

Me ya sa take sanyaya zuciya? Baƙin ciki a dunƙule yake zuwa, ba kai ba gindi. Wanda ya zauna neman amsa-amo da daidaita gaɓoɓin baiti dole ya warware shi, ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai bari, ya sa wa damuwar farko da ƙarshe. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya taɓa girgiza rayuwarsu na minti 15 kullum har kwana 4. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya ragu idan aka kwatanta da waɗanda suka rubuta abubuwan yau da kullum.

Iyayenmu mata ba su jira wani bincike ba. A bakin turmi da dutsen niƙa suke amayar da takaicin kishiya da rowar miji da kewar gida, muryar tana bin saukar taɓarya. Injin niƙa ya rage musu wahala, ya kuma tafi da wannan fili.

Nan ne kuma hatsarin yake. Waƙar daka a tsakar gida take mutuwa, ta yau kuwa waya ke ɗauka. Matashin da ya rera rikicin gādonsu ko mutuwar auren iyayensa ya ɗora a TikTok, abin ya koma habaici da tonon silili, kuma zumuncin da ya ɓata zai fi ƙarfin waƙa ta gyara. Ni a ganina, waƙar jimami ta fara zama a littafinka. A bar ta ta kwana biyu, a sake karantawa, a cire sunan duk mai rai da bai ba da izini ba, sannan a yanke shawarar ko wani zai ji ta.

Kuma ba kowane ciwo waƙa take ɗauka ba. Idan watanni suka shuɗe mutum bai iya barci ko cin abinci, ya daina fita sana'a, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin, to lamarin ya wuce alƙalami. A raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, kada a tsaya jiran sadakar shekara.