Tudun Rairayin Gaɓar Teku a Zanen Piet Mondrian

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin fasahar zane sun fi sanin Piet Mondrian (1872-1944), mutumin ƙasar Holan, da zane-zanensa na baƙaƙen layuka miƙaƙƙu da murabba'ai masu launin ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Sai dai kafin ya kai ga wannan salo, ya daɗe yana zana gonaki da koguna yadda ido yake ganin su. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna yadda zanen tudun rairayi ya zamo masa gada tsakanin salon biyu.

2.0 Muhallin Zanen

A shekarar 1908 ne Mondrian ya fara ziyartar Domburg, wani ɗan gari a lardin Zeeland, a gaɓar Tekun Arewa, inda masu zane suke taruwa da bazara a kewayen Jan Toorop. Iska ce take kwaso rairayin bakin teku ta tara shi tudu-tudu, wata ciyawa mai dogon saiwa kuma ta riƙe shi. Waɗannan tuddai garkuwa ne ga mutanen Holan, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da doron teku.

3.0 Matsalar da Mai Zane Ya Fuskanta

Gida ko bishiya suna da iyaka da za a bi da alƙalami a fitar da siffarsu. Tudun rairayi kuwa ba shi da kusurwa, ba shi da tsayayyen launi. Da hantsi fari ne mai ɗaukar ido, da yamma ya koma ruwan goro, inuwarsa ta yi shuɗi. Wanda ya ce sai ya kwaikwayi abin da ya gani daidai wa daida, kafin ya gama haɗa fenti abin ya sauya.

A jerin zanen da ya yi a 1909, Mondrian ya tunkari matsalar ta hanyar jera gajerun shafe-shafen buroshi, kowane launi a wurinsa, don idon mai kallo ya gauraya su da kansa. Daga baya ya bar wannan dabara. A babban zanen tuddan da ya yi a 1911, ba mutum, ba jirgin ruwa, ba ciyawa. Sai faffaɗan filayen launi da layuka masu raba ƙasa da sama. Wato ya daina tambayar yadda rairayi yake, ya koma neman dangantakar da ke tsakanin layi da launi.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sauyin salon Mondrian bai faɗo daga sama ba. Bayan zamansa a Faris, ya sake komawa Domburg a 1914, inda ya mayar da teku gajerun layuka na tsaye da na kwance. A 1917 kuma ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar De Stijl. Da yawa daga cikin zanen tuddan suna ajiye a gidan tarihin fasaha na birnin Hague, kuma mai nazarin da ya tsallake su zai sha wuya wajen gane asalin murabba'an da suka yi wa mai zanen suna.